MUTUM NA SHA TARA

Shafi na 27

Masu zagin Darcy a sharhi tun shafi na ashirin, duk ina ganin ku. Ku ɗan sassauta masa, ku karanta wannan har ƙasa tukuna.

*

Jiniyar ƙarshen zango na uku a wasan ƙwallon na tashi, Glenys Hartwig ta diro daga a-kori-kurarta, ko ƙofar ba ta tsaya rufewa ba.

Wirrabin 61, Merrindal 39. Saura zango ɗaya a tashi. Duk motocin da suka kewaye filin sai danna hon suke kamar an riga an ɗauki kofi. Ita kaɗai ce fuskarta ba annuri.

"Ke dai ki yi dariya ko sau ɗaya ne," in ji Bev Tonkin, aminiyarta, tana biye da ita da rabin mitfai a hannu. "Yau kam mun gama da su."

"Haka kika ce wancan satin."

"Wancan satin iska ce ta juya."

"Na kafin shi fa?"

"Ruwa aka yi."

"Bev, wasa bakwai! Kullum mu ne a gaba har zango na uku, kullum a na huɗu mu zube kamar an zare mana laka. Iska ta iya ƙirga ne? Da hannun mutum a ciki."

Bev ta cusa sauran mitfai a baki don kada ta amsa.

Kowa a Wirrabin ya san halin Glenys da zargi. Ta taɓa zargin mai yanke ciyawa, ta zargi alƙalan wasa har ta gaji, akwai shekarar da ta rantse an rage iskar ƙwallo. Amma bana ba wanda ke mata dariya a fili, don an san abin da ke cin ta. Matasa sun ƙare a ƙauyukan biyu, hukumar gasa ta ce dole a haɗe kulob ɗin Wirrabin da na Merrindal su zama ɗaya. Wanda ya ƙare a ƙasan ɗan'uwansa, filinsa za a rufe a mayar makiyayar tumaki. Wasan yau ne zai raba gardama.

A ƙarƙashin turakun cin maki na gefen rumbun alkama kuwa, nan aka barbaɗa tokar gawar babban ɗanta, Corey, shekara tara ke nan. Tun ranar da mota ta kife da shi a hanyar dawowa daga wasa, ba Asabar ɗin da Glenys ba ta faka motarta daidai wurin nan ba.

Jama'a suka tsallaka shinge suka nufi tsakiyar fili, kamar yadda ake yi duk hutun zango, kowa ya je ya ji abin da koci zai gaya wa 'yan wasa. Kocin kuwa Darcy ne, autanta.

Ta kutsa har sahun gaba. Ba wanda ya hana ta, kowa na son haƙarƙarinsa.

Darcy na tsugune da allonsa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya," ta ce. "Ko akwai abin da ba ka so mu ji?"

Bai ɗago ba. "Mama, ba yanzu ba."

"Yanzu ne kuwa. Lenny za ka sake cirewa?"

"Shekarar Lenny arba'in da ɗaya. Dubi gwiwarsa."

"Na duba. Biyu ne, kuma duk suna jikinsa."

Wasu suka kwashe da dariya. Lenny kansa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Duk wasa kana cire shi a zango na huɗu, duk wasa ana cin mu," ta ce. "Ni ba makaranta na yi mai zurfi ba, amma na iya haɗa ɗaya da ɗaya. Kuma an ce an gan ka a Merrindal ranar Talata."

"Maganin tsutsar tumaki na je saye."

"Namu kantin ya ƙone ne?"

Sai yanzu ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Me kike so ki ce, Mama? Faɗe shi kawai kowa ya ji."

"Wa zai zama kocin sabon kulob in an haɗe?"

Bev ta ja gefen rigarta, Glenys ta fizge.

Darcy ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya juya ga 'yan wasansa.

"Lenny, ba ka fita. Ko ƙafar za ta cire, a fili za ta cire. Ku tashi mu je!"

Glenys ta koma mota tana huci. Ta samu yadda take so, amma ranta bai yi sanyi ba ko kaɗan. Da saurin da ya amince ma sai ya ƙara mata wani zargin.

Aka koma wasa.

Minti uku da farawa, Lenny ya yi tsalle ya cafke ƙwallo a saman kawunan mutum biyu, ya ja baya, ya narka ta tsakanin manyan turakun. Maki shida ke nan a irin ƙwallonsu. 67 da 39.

Filin ya kaure. Bev ta kwanta a kan hon ɗin motar da duka hannu biyu.

"Kin gani? Kin gani, uwar zargi?"

Glenys ta kalli ciyawar ƙarƙashin turakun. A karon farko a wata biyu ta ji ƙirjinta ya saki. Har ta fara laluben filas ɗin shayi.

Ashe da sauran magana.

Trent Molloy, kyaftin ɗin Merrindal, yana can ɗaya ƙarshen filin, ya ba wa kowa baya. Ta gan shi ya ɗaga kai ya kalli sama, wajen allon maki. Sai kawai ya juyo a guje ya nufi alƙalin wasa yana ɗaga hannu.

Usur ya tashi, dogo.

"Me kuma ya faru?" in ji Bev.

"A ƙirga!" Muryar Trent har cikin mota. "A ƙirga su!"

Filas ɗin ya suɓuce daga hannun Glenys.

Shekara hamsin tana kallon ƙwallon nan, sau ɗaya tak ta taɓa ganin an nemi ƙirga, tun tana 'yar firamare. Mutum sha takwas doka ta yarda kowane ɓangare ya zuba a fili. In kyaftin ya nemi a ƙirga aka samu ƙari ko da mutum ɗaya ne, a dokar gasarsu duk makin da kuka tara ya tashi a banza.

Aka jera 'yan Wirrabin a tsakiyar fili kamar 'yan fursuna. Alƙalin ya bi su yana taɓa kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Glenys na ƙirgawa tare da shi.

Sha shida.

Sha bakwai.

Sha takwas.

Ga Spud Kerrigan a ƙarshen layi, mai askin tumakin nan, da sabon bandeji a idon sawu, yana waige-waige kamar wanda aka tasa daga barci.

Sha tara.

Mai allon maki ya daɗe a tsaye kafin ya miƙa hannu. Ya cire shida, ya cire bakwai, ya rataya sifili.

Motocin Merrindal suka ɗauki hon.

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne, jiran jiniya ne kawai. Aka tashi Merrindal 52, Wirrabin 13.

Glenys ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi wa kowa sauƙi.

A ƙofar ɗakin canja kaya ta tare Darcy, gaban 'yan wasa, gaban matansu, gaban rabin gari.

"Na hana ka cire Lenny, shi ne ka nemo wata hanyar."

"Ban tura Spud ba."

"Shi ya tura kansa?"

"Na ce miki ban tura shi ba, Mama."

"Trent ya ba fili baya! Da ƙeya ya ƙirga ku? Gaya masa aka yi!"

"Na sani."

"Ka sani?"

Ya kau da kai.

"Kalle ni, Darcy. Yayanka na kwance a can." Ta nuna turakun. "Shi ya koya maka riƙe ƙwallo. Tumaki za su yi kashi a kansa don kai ka samu kujera. Da na san haka za ka zama..."

"Glenys!" Bev ta daka mata tsawa. "Kar ki ƙarasa!"

Ba ta ƙarasa ba, amma kowa ya ji sauran.

Darcy ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Ya ajiye allonsa a ƙasa a hankali, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Shirun nan nasa ne ya tsaya mata a rai. Ta san ɗanta. In yana da laifi, surutu yake yi har ya gaji da kansa. Tun yana ƙarami, ba ya yin shiru irin wannan sai in wani yake rufa wa asiri.

Ta zagaya bayan ɗakin.

Spud na zaune a kan tsohuwar taya, ya rufe fuska da jesinsa. Ƙaton mutum mai 'ya'ya uku, yana shessheƙa kamar an yi masa mutuwa.

"Cire rigar nan daga fuskarka."

Ya cire.

"Ki yafe mini, Misis Hartwig. Na rantse da Allah ban sani ba."

"Wa ya ce ka shiga?"

"Ni dai ina ɗaki ana naɗa mini ƙafa lokacin hutu..."

"Ban tambaye ka ƙafarka ba."

"Aka ce in an yi minti biyar in shiga ta gefen rumbu, kar in bi ta benci. Wai Lenny zai fita ta can ɗaya gefen, koci ba ya so Merrindal su lura."

"Darcy ne ya faɗa maka da bakinsa?"

"A'a. Saƙo aka kawo."

"Wa ya kawo?"

Spud ya kalli ƙasa.

"Spud, ni na yi renonka ranar da uwarka ta je haihuwar ƙanwarka. Na wanke maka abin da ba zan faɗa a nan ba. Wa ya kawo saƙon?"

"Don Allah kar ki sa ni."

"Wa?"

Kai kawai ya ɗaga, ya kalli sama.

Ta bi idonsa.

Kusa da allon maki akwai ɗan ɗakin katako mai taga ɗaya, inda mai kula da lokaci ke zama yana busa jiniya. Can Trent ya kalla kafin ya ruga, ita ta ɗauka allo yake dubawa.

Shekara ashirin da shida mutum ɗaya ne ke zama a ɗakin nan. Des, mijinta.

"Ƙarya kake," ta ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Da wani ne ya kawo saƙon ai da na tambaya," in ji Spud. "To Des ne fa. Wa zai tambayi Des?"

Matakala goma sha huɗu ce zuwa ɗakin. Ba ta taɓa jin tsawonsu ba sai yau.

Yana zaune shi kaɗai, ya ba ƙofa baya, hularsa a kan gwiwa. Mutumin da ko a coci sai an yi faɗa yake cire hula.

"Na ji tafiyarki," ya ce. "Rufe ƙofar, Glen."

Ta rufe.

"Hular ce alamar?"

"Ita ce."

Ko musu bai yi ba. Ta so ya yi musu. Ta hau matakalar nan tana addu'a ya yi mata ihu ya ce ta haukace.

"Wasa bakwai ɗin fa? Duk kai ne?"

"Ba kowa ba ne. Tsufa ne kawai, Glen. Rabin 'yan wasanmu sun haura talatin da biyar, zango uku ƙarfinsu ke kaiwa. Na zaci yau ma haka za a yi, ba sai na sa hannu ba. Sai suka tashi za su ci."

"Darcy ya sani?"

"Ya gan ni ina fitowa daga wurin Spud. Da aka ƙirga ya gane."

Ta dafa bango. Maganar da ta gaya wa yaron nan gaban mutane ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ka bar ni na ci masa mutunci. Kana nan sama kana kallo."

"Ina kallo."

"Me suka ba ka?"

"Ba abin da suka ba ni."

"To don me? Des, don me? Ɗanka ne a wurin nan!"

Sai yanzu ya juyo. Ta ga fuskarsa jiƙe sharkaf. Ko ranar jana'izar bai yi hawaye ba, har ta daɗe tana riƙe da shi a rai kan haka.

"Shi ya sa," ya ce.

"Ban gane ba."

"Wa ke yanke ciyawar filin nan tun da tsoho Merv ya daina?"

Bai jira amsarta ba.

"Ni. Duk Alhamis. In hau inji in bi ta kansa, in juyo in sake bi ta kansa. In ɗauko farin fenti in ja layi a kansa. Ranar Asabar in hau nan, tagar nan ba abin da take kallo sai turakun can. Ƙarti su yi ta tattaka shi, suna tofar da yawu, ni kuma ina busa musu jiniya. Shekara tara, Glen."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Na faɗa. Shekara ta biyu na ce mu huta da zuwa fili. Kin tuna abin da kika ce?"

Ta tuna. Cewa ta yi in ya gaji da ɗansa, ita ba ta gaji ba.

"Ke kina zuwa nan ki gan shi," ya ce. "Ni kullum na zo, sake binne shi nake yi. Gara tumakin. Su ba su san shi ba, kuma ba sa ihu."

Glenys ta rasa abin da ke mata daɗi. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma kamar ta shaƙe shi. Shekara talatin da takwas suna kwana ɗaki ɗaya, ta zargi kowa a garin nan har da ɗan cikinta, ba ta taɓa kallon gefen gadonta ba.

"Spud fa? Gobe ba wanda zai ba shi aski a yankin nan. Darcy fa?"

"Ban yi tunanin abin zai kai nan ba."

"Ba ka yi tunani ba."

"Glen..."

"Kar ka taɓa ni."

Ƙarar takalmi ta taso daga matakala. Tafiya ce ta mutum mai nauyi, ba gaggawa.

Aka ƙwanƙwasa.

"Des? Neville Oakes ne. Misis Hartwig na ciki?"

Wakilin hukumar gasa. Des ya miƙe, hular ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

Glenys ta buɗe ƙofar.

Neville ya shigo yana haki, da takarda a hannu. A bayansa, can ƙasan matakala, Darcy ne tsaye ya harɗe hannu, Bev na gefensa.

"Ku yi haƙuri, ba zan daɗe ba," in ji Neville. "Abin nan bai kwanta mini ba. Na ji abin da kika faɗa a ƙofar ɗakin canja kaya, cewa gaya wa Trent aka yi. Ni ma na lura ya ba fili baya."

Ya ci gaba.

"Ga yadda take. In kuskure ne, sakamako ya zauna, ranar Litinin a sa wa filin nan kwaɗo. In kuwa haɗa baki aka yi da Merrindal, zan mayar muku da makinku, su ne za su rasa nasu filin. Amma sai an ba ni suna. Wanda ya yi kuma ya gama shiga kowane fili har ya mutu, kin kuma san garin nan, ba na jin zai iya sayen burodi a cikinsa."

Ya zaro biro daga aljihu.

"Na tambayi Spud, ya ce shi ya ruɗe ya shiga da kansa. Na tambayi Darcy, ya ce in rubuta sunansa."



Glenys ta leƙa ƙasa. Darcy ya girgiza mata kai a hankali, sau ɗaya.

Ta tagar, rana ta faɗa kan turakun gefen rumbu, ga a-kori-kurarta ita kaɗai a wurin, duk sauran motocin sun watse.

Des bai roƙe ta ba. Tsaye kawai yake, hannuwansa a sake, yana jira.

"Ni ban yarda Darcy ba ne," in ji Neville. "Amma in ba wani sunan, nasa zan kai. An ce ba abin da ke wucewa a filin nan ba ki gani ba, Misis Hartwig."

Ya ɗora bakin biron a kan takarda.

"Wa zan rubuta?"